Yadda Mujallarmu Take Zuwa Hannunku

Ɗalibai da yawa sun same ni suna neman a sa su cikin kwamitin mujalla na bana. Wasu iyaye kuma sun tambaya, wai wane aiki ne yake tsare 'ya'yansu bayan an tashi. To, ga bayani, domin wanda zai shiga ya san abin da zai ɗauka.

Aikin kwamitin kashi biyu ne. Akwai jaridar bango, wadda ake liƙawa a allon sanarwa kowace Asabar idan an dawo daga hutun Alhamis da Juma'a. Ita gajera ce: sakamakon musabaƙa, ajin da ya fi tsafta, wanda ba shi da lafiya a je a gaishe shi. Sai kuma mujallar shekara, wadda take fitowa lokacin walimar sauka, da sunayen masu sauka da hotunansu da rubuce-rubucen ɗalibai. A makarantun sakandare na Amurka ma akwai irin wannan littafi na shekara. Ɗalibai ne suke haɗa shi, kuma idan ya fito kowa yakan ba abokansa su sa masa hannu a ciki don tunawa.

Mai shigowa yakan zaci aikin shi ne rubuta waƙa ko labari a ga sunansa a ƙasa. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Mafi yawan lokacinmu a bincike da gyara yake tafiya.

Mu fara da mai ɗauko labari. Idan aka ce masa aji huɗu ne suka ci musabaƙa, ba zai rubuta ba sai ya je wurin malamin da ya yi alƙalanci ya ga takardar maki da idonsa. "An ce" da "na ji" ba su shiga jaridarmu. Duk wanda ya kai Suratul Hujurat ya san aya ta 6 ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, kada mu cuci wasu cikin rashin sani mu koma muna nadama. Ɗan jarida ya fi kowa bukatar riƙe wannan, don shi abin da ya faɗa ba a kunne ɗaya yake tsayawa ba. Haka kuma ba duk gaskiya ake bugawa ba. Wane ya sha bulala, wance ta faɗi jarrabawa, ko da ya faru, tona asiri ne, edita zai soke shi.

Daga nan sai rubutu ya je wurin masu gyara, kuma a nan ne wahalar mujallarmu ta ninka ta sauran, saboda rubutu biyu muke yi. A boko, babban abin tsoro shi ne ƙugiya. Haruffan nan ɓ da ɗ da ƙ, in mai bugawa a kwamfuta ya yi sakaci, sai su koma b da d da k. Ku duba abin da zai faru idan aka so rubuta "manyan baƙi sun halarta" aka bar ƙugiyar. Ko kuma ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. Wani lokaci ma mun gyara tsaf a kwamfutarmu, amma da aka buɗe a ta maɗaba'a sai haruffan suka zama 'yan akwatuna. Shi ya sa ba mu yarda a buga ba sai an ba mu gwaji mun karanta.

Ajami shi kuma nasa daban. Ya fi boko a wani wuri, domin yana nuna wasali mai ja. A boko, gadon kwanciya da gadon dukiya rubutunsu ɗaya, sai jimla ta raba su, amma a ajami alif ya raba gardama. Sai dai ɗigo ɗaya in ya ɓace, ko ya ƙaru, harafi ya sauya. Kuma kowane marubuci da yadda ya koya a wurin malaminsa, musamman wajen sautukan da babu su a Larabci, irin su c da ts da ɓ. Don haka tun zaman farko kwamiti yake tsayar da hanya ɗaya, a rubuta ta a liƙa, kowa ya bi. Shafukan ajami da hannu ake rubuta su, da baƙin tawada a farar takarda, sannan a ɗauki hotonsu. Mai kyan hannu yana da daraja a wurinmu ko da bai iya tsara labari ba.

Wannan aiki ba mu muka fara ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, editanta na Hausa kuwa, Abubakar Imam, daga aji aka ɗauko shi, don malami ne a Midil ta Katsina. A Kano kuma, cikin shekarun 1980, kamfanin Triumph ya riƙa buga Albishir da boko, Alfijir da ajami. Mu abin da muka yi shi ne haɗa biyun cikin bango ɗaya: boko ya taso daga hagu, ajami daga dama, su haɗu a tsakiya.

Nan ma akwai lissafi. Takarda ɗaya in an naɗe ta biyu tana ba da shafi 4, saboda haka mujalla ba ta yiwuwa da shafi 30, sai dai 28 ko 32. Wanda aka rage wa labarinsa ya yi haƙuri, sau da yawa ba don bai yi kyau ba ne, wuri ne ya ƙare. A da, lokacin da ake yanka sitensil da tafireta ana juya injin da hannu, kuskure ɗaya yakan sa a sake shafi gaba ɗaya. Yanzu gyara ya yi sauƙi, amma fa sauƙin ne yake sa mutum sakaci.

Shafin da na fi jin tsoro shi ne na sunayen masu sauka. Wata shekara sunan wata yarinya ya faɗi tsakanin ƙarshen shafi da farkon na gaba. Mutum uku muka karanta, babu wanda ya lura, domin muna duba ko an rubuta sunaye daidai ne, ba mu ƙirga su ba. Mahaifinta ya sayi kwafi biyar zai aika wa dangi a ƙauye. Ya dawo da su washegari, bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Malam, shekara shida tana zuwa." Mun ba da haƙuri, mun liƙa gyara a jaridar bango, amma mujallun da suka shiga gidaje sun riga sun shiga. Tun daga ranar, mutum biyu ne suke zama: ɗaya yana karanta rajista da ƙarfi, ɗaya yana bin shafi da yatsa, a ƙarshe a ƙirga. Sannan kowane mai sauka ya zo ya ga sunansa da na mahaifinsa ya sa hannu. Hoto kuwa ba ma sawa sai da yardar iyaye.

Ku iyaye, taimakonku biyu muke nema: ku duba takardar suna da za a aiko muku, kuma mai shago ko sana'a yana iya ɗaukar talla, da kuɗinta ake sayen takarda. Zaman kwamiti ba ya wuce sau biyu a mako, kuma ana sallamar yara kafin magariba. Ɗalibin da karatunsa ya ja baya, za mu dakatar da shi har ya cim ma ajinsa.

Mai son shiga ya rubuta labarin abu ɗaya da ya gani da idonsa a makaranta cikin wannan mako, layi goma, da boko ko da ajami, ya kawo ofishin shugaban makaranta kafin ranar Laraba.