Izinin Tafiya ta Intanet

Wasu ƙasashe sukan tantance baƙo tun kafin ya baro gida. A shekarar 2009 Amurka ta wajabta irin wannan izini, mai suna ESTA, a kan 'yan ƙasashen da ta ɗauke wa biza, kamar Japan da Faransa.

Matafiyi yakan cike fom a intanet, ya rubuta lambar fasfonsa, sannan ya biya kuɗi. Idan an amince, izinin yakan yi shekara 2 yana aiki, amma kowace ziyara ba ta wuce kwana 90.

Nijeriya ba ta cikin waɗannan ƙasashe. Mai fasfon Nijeriya biza yake bukata. Saboda haka, duk wanda ya nemi kuɗinka don ya samo maka wannan izini, ɗan damfara ne.