Kalmar Tsamiya: Asalinta da Faɗaɗar Ma'anarta

A kasuwar Kabong da ke cikin garin Jos, inda Hausa ce harshen ciniki tsakanin ƙabilu daban-daban, idan aka ce "tsamiya" ba abin da ake nufi sai 'ya'yan itacen nan da ake dama kunu da su. Amma a bakin maɗinka da masaƙan Kano da Zariya kalmar tana da wata ma'ana, wadda sanin ta yake raguwa, wato zaren siliki na daji.

Ta fuskar ƙirar kalma asalinta a fili yake. Saiwar ita ce tsam-, wadda ta haifar da "tsami" da "tsamama", sa'an nan aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar tamata -iya. Ke nan ɗanɗanon 'ya'yan ne ya raɗa wa bishiyar suna. Wannan ya bambanta da Ingilishi, wanda sunan bishiyar a cikinsa ya samo asali daga Larabci, tamr hindi, wato dabinon Indiya, alhali kuwa a Afirka bishiyar take da tushe.

Daga bishiya sai sunan ya sauka kan tsutsar wani malam-buɗe-littafi na dare, wanda masana kimiyya suke kira Anaphe. Tsutsotsin suna cin ganyen tsamiya, kuma sukan taru su saƙa gida guda. Wannan gida ake dafawa da ruwan toka, a kaɗa shi kamar auduga, a sami zare mai launin ƙasa-ƙasa wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Da haka zaren ya zama tsamiya, rigar ma ta zama rigar tsamiya. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ma'anar bishiya da ta siliki duka. Abin lura shi ne, ko da a jikin doka aka samo gidan tsutsar, zaren bai sake suna ba. A nan ma'anar ta riga ta yanke igiyar da ta ɗaure ta da bishiya, balle da tsami.

Ingilishi yana da kalmar da ta yi irin wannan tafiya, wato burnet. Ta fito daga tsohon Faransanci, brunete, daga brun, launin ƙasa-ƙasa. An kira wani yadi mai duhu da ita, haka nan wani tsiro da ake sa ganyensa a abinci, saboda launin furensa. Daga baya ta zama sunan wani malam-buɗe-littafi mai jajayen ɗigo a fiffike. Sai dai dangantakar ba iri ɗaya ba ce. A Ingilishi launi ne tushen sunan, kuma tsutsar mai ɗigo shida, wadda aka fi sani a Ingila, ba ma ganyen burnet take ci ba. A Hausa kuwa maƙwabtaka ce ta yi aiki: mai ci ya gaji sunan abin da yake ci, zare kuma ya gaji sunan mai saƙa shi.