Jarin da aka aje a tabarma shi ne jari

Duk wanda ya daɗe yana fatauci tsakanin Kamlin, Wad Madani da Gadarif, ko yake kai kaya Gallabat a bakin iyakar Habasha, ya san rigimar abokan haɗin jari ba ta cika tashi ranar da aka yi asara ba. Ranar da riba ta bayyana ake jin wani yana cewa ai ya ƙara kuɗi a hanya, wani kuma ya riga ya zare nasa don hidimar gida. Daga nan zumuncin shekaru ya watse.

Abin mamaki, 'yan caca sun daɗe da toshe wannan ƙofa. Caca haram ce, kuma dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ta tanadi hukunci a kanta, don haka ba kiran kowa muke yi gare ta ba. Amma Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A gidajen caca na Las Vegas a Amurka, inda ake wasan karta da ake kira poka, kowane tebur yana da mafi ƙarancin kuɗin da za a zauna da shi, galibi har da mafi yawa. Da an raba karta, abin da ke gaban mutum shi ne ƙarfinsa. Ba ya sa hannu a aljihu ya ƙaro sai an gama wannan zagaye, ba ya kuma ɗebe abin da ya ci ya ɓoye alhali yana zaune. A ce wani yana da 100, abokansa biyu suna da 500 kowanne. In ya zuba nasa duka, 100 kawai zai iya ci daga kowannensu, sauran a ware shi gefe tsakanin su biyun. In gardama ta tashi, akwai mai kula da zauren wanda maganarsa ce ta ƙarshe.

Mu fa muna da abin da ya fi wannan tsafta tun tuni. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, jarin ƙirali sai ya zama tsabar kuɗi sananne, kason riba a faɗe shi tun farko, kuma ba a rabo sai an sayar da kaya jari ya dawo. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara kuwa ta yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. Hatta aikin noman auduga na Gezira da aka buɗe a 1925, wanda kakanninmu suka yi wa ƙwadago, da kaso sananne ya tashi: 35 na gwamnati, 40 na manoma, 25 na kamfani.

Yau buƙatar ta fi ta da. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala guda, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya ƙara durƙusar da shi. Fam dubu da aka zuba lokacin sayen riɗi ba daidai yake da wanda aka turo ta Bankak bayan wata biyu ba.

Shawararmu ita ce, kafin a ɗaure buhu na farko a rubuta abin da kowa ya aje da ranar da ya aje shi. A yarda babu ƙari babu ragi sai an sayar an yi lissafi. Wanda ya kawo kuɗi a tsakiya, a buɗe masa sabon asusu daban. A kuma zaɓi dattijo ɗaya, sarkin kasuwa ko liman, wanda kowa zai karɓi hukuncinsa. Allah ya sa wa kasuwanninmu albarka, ya dawo da zaman lafiya a Sudan.