Shirwa da Hayaƙin Ƙarshen Hunturu

Wanda ke son ganin shaho da danginsa a ƙasar Funtua da Malumfashi, ya bari sai sanyi ya fara ja da baya, daga tsakiyar Fabrairu zuwa Maris. A Disamba da Janairu hazo kan rufe sama, ko mikiya ce ta gifta ba lallai ka shaida ta ba. A ƙarshen hunturu kuwa an kwashe masara da dawa, auduga ta tafi kasuwa, kuka ta zubar da ganye, ɓera da ƙadangare sun rasa maɓuya. Kuma ba sai ka yi sammako ba. Manyan tsuntsayen nan ba sa ɓata ƙarfinsu wajen kaɗa fiffike. Jira suke rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta tashi, su bi ta su yi sama. Daga hantsi zuwa azahar ne lokacinsu.

A wannan tsakanin ne kuma baƙi ke shirin komawa gida. Akwai shirwa mai baƙin baki da ke zuwa cin rani daga Turai, ba kamar tamu mai rawayan baki ba. Akwai wani shaho mai dogayen fukafukai da ke bin saman ciyawa ƙasa-ƙasa a fadama da bakin madatsun ruwa irin na Mairuwa. Kafin ruwan farko sun ƙetare Sahara. Wanda ya makara zuwa kallonsu sai baɗi.

Amma sarauniyar wannan lokaci shirwa ce. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, kuma ba a ganin gaskiyar maganar kamar da rani, lokacin da babu ciyawar da ɗan tsako zai shige. Inuwa kawai za ta gifta a tsakar gida, uwa ta yi ƙara, 'ya'ya su watse ƙarƙashin rumbu. An ce ungulu ba ta jewar banza, ni kuwa a ganina shirwa ma ta cancanci wannan kirari. Ka cinna wa tarin karan dawa wuta lokacin sharar gona, sama wayam, kafin hayaƙi ya miƙe sai ga su sun cika wurin. Na tsaya bakin wata gona a hanyar Bakori na ga ɗaya ta ratsa hayaƙi ta cafe fara da ƙafa, ta sunkuyar da kai ta cinye ta tana cikin tashi, wutsiyar nan mai baki biyu tana juyawa hagu da dama.

A nan ne gardama take. Wasu mafarauta da na zauna da su sun ce shirwa ba jiran wuta kawai take yi ba, in ta ga za ta mutu sai ta ɗauki kara mai ci ta jefa a busasshiyar ciyawa can gaba, don fara da ɓeraye su sake fitowa. Maganar ba ta banza ba ce. 'Yan asalin arewacin Ostareliya sun daɗe suna faɗin haka, kuma a 2017 wasu masana, cikinsu har da Mark Bonta da Robert Gosford, sun tattara shaidar mutanen da suka ce sun gani da idonsu, har da ma'aikatan kashe gobara. Ɗaya daga tsuntsaye ukun da suka ambata shirwa ce.

Duk da haka ban gamsu ba. Tsuntsun da ya kai sura cikin toka zai iya haɗawa da tsinke mai wuta, zafi ya sa ya saki, mai kallo daga nesa ya ce da gangan ne. Ga iskar hunturu da guguwa, su ma suna tsallakar da tartsatsi daga gona zuwa gona. Kuma a ƙasarmu, in aka bi diddigin gobarar daji, yawanci a hannun mai neman gafiya take ƙarewa. In shirwar Ostareliya ta koyi wannan dabara, ban musa ba. Tamu dai, iyakar abin da na gani, cin moriyar wutar da mutum ya kunna take yi.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggafa. Dattawa sun saba ganinta tana rangaji a sama, yaran yanzu da yawa sai dai su ji sunanta. A 2020 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa a duniya, ungulu kuma tun 2015 take cikin mafi tsananin haɗari. Sare manyan itatuwan da suke sheƙa, da guba, da cinikin sassan jikinsu ne suka kai su nan.

Manomi ɗan'uwana, shahon da ya ɗauke maka ɗan tsako ɗaya ya cinye ɓeraye da fara masu yawa da za su faɗa wa amfaninka. Ka kife 'yan tsaki da kwando, ka bar kukar da ke bakin gona a tsaye, ka hana yara harbin sheƙa da danƙo.