Hattara Da Babbar Mota In Tana Ja Da Baya A Bakin Sito

'Yan'uwa manoma, sau biyu a shekara bakin sitonmu yakan cika da jama'a: da farkon damina in taki ya iso, da kuma kaka in za a kwashe masara da gyaɗa. Tirela mai ɗaukar tan 30 takan kawo buhu 600 masu kilo 50. Kowa yana ɗokin a sauke, amma haɗari mafi girma yakan zo tun ba a taɓa buhu ko ɗaya ba, wato sa'ad da motar take ribas zuwa ƙofar sito.

Dalili kuwa, direba ba ya ganin abin da ke bayan bodinsa. Madubi gefe kaɗai yake nuna masa, ƙugin inji kuma yakan hana shi jin ihu. A Ingila, hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta ce cikin mutanen da mota take kashewa a wurin aiki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu wajen ribas ne suke hallaka. To, ina ga namu filin mai laka da gangara, ga kuma yara masu tsintar hatsin da ya zube?

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiyar gama kai ta tsai da doka. Kafin mota ta motsa, a kawar da yara da masu talla da awaki. Mutum ɗaya tak zai yi wa direba jagora, gama bakin mutum goma ruɗa shi yake yi. Jagoran ya tsaya a gefen direba, nesa da taya, inda direba zai gan shi a madubi. Su shirya alamun hannu tukuna. Direba kuwa, da zarar jagora ya ɓace masa, ya taka birki.

Kada kowa ya shiga tsakanin mota da bango, ko da don buɗe ƙofa ne. In mota ta tsaya, a kashe inji, a ja birkin hannu, yaron mota ya sa waigi, sa'an nan 'yan dako su matso.

Wannan duka ba ya cin ko kwabo, sai ɗan haƙuri. Buhu in ya fashe mukan ɗinke shi, amma magidanci in mota ta matse shi da bango, wa zai nome gonarsa bana? A karanta wannan a taronku na gaba, a kuma zaɓi jagora tun mota ba ta zo ba.