YADDA A KE HANA FONSETIYA MIƘEWA CIKIN TUKUNYA

Ya ku manoma da dagatai na kudancin kogin Kaduna, kun san aguwa wadda a ke shinge da ita, kun kuwa san tinya. To, suna da wata 'yar'uwa ta ado, sunanta fonsetiya. Asalinta daga ƙasar Meziko ne, an kuwa ba ta sunan Joel Poinsett, wanda ya zama wakilin Amurka a can cikin 1825. Jan nan da ta kan yi da hunturu ba fure ba ne, ganye ne ya rine.

Kadan an dasa ta a ƙasa ta kan kai ƙafa 10. Amma mai saye a Barnawa ko Kakuri ba ya son doguwar sanda mai ganye uku a ka. Gajera ya ke so, mai rassa. Wanda ya bar tasa ta miƙe, wahalar damina guda ta tafi a banza.

Ga dabarar. Ka yanko kan reshe kamar inci 4 cikin watan Yuli, ka kafa shi a tukunya mai faɗin inci 6 wadda aka huda gindinta. Sa'ad da ya yi saiwa ya soma toho, sai ka tsinke kansa, ka bar ganye biyar ko shida. Dalili kuwa, muddin kan yana nan shi ke danne idanun da ke ƙarƙashinsa. Ran da aka cire shi, ko wane ido sai ya fid da reshe. Kada ka ji tausayi, yawancin masu lambu a nan su ke kuskure. Amma bayan farkon Satumba kada ka ƙara tsinkewa, domin rassan su samu ƙwari kafin lokacin rini.

Inuwa ita ke sa ta miƙewa neman haske, balle cikin hadarin Agusta. Ka aje tukwanen a sarari, kada su gogi juna. Taki kaɗan, ruwa kuwa sai ƙasar ta sha iska. Akwai maganin feshi mai hana tsawo, watau chlormequat, amma sai da shawarar malamin gona.

Ba ta rinewa sai dare ya yi tsawo, watau daga ƙarshen Satumba, sa'an nan a jira kamar mako 8 zuwa 10. Hasken lantarki da dare ya kan hana ta, don haka ka nisanta ta da fitilar titi.

Dagatai su gargaɗi mutane a kan farin ruwan da ke fita wurin yanka. Bai kai na tinya dafi ba, amma yana sa ƙaiƙayi. A wanke hannu da sabulu, a hana yara taɓawa. In ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta, sa'an nan a tafi asibiti.