Giwar teku: abin da ƙidayar shekara-shekara ta bayyana

A watan Oktoban 2023, masu binciken da ke ƙidayar giwayen teku a zirin Valdes na ƙasar Ajantina sun tarar da gaɓar teku cike da gawarwakin jarirai. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ce ta afka musu, kuma an ƙiyasta cewa kimanin 17,000 sun mutu, wato kusan duk waɗanda aka haifa a shekarar. Ba don an daɗe ana ƙidayar a kowace shekara ba, da babu alƙaluman da za a kwatanta asarar da su.

Dabbar ba ta da dangantaka da giwar daji. Sunan ya samo asali ne daga hancin namiji, mai lilo kamar hannun giwa. Mafi yawan rayuwarta a cikin teku take yi, sai lokacin haihuwa da na sake gashi take fitowa tudu, kuma a wannan ɗan tsakanin ne ake iya ƙirga ta.

Nau'in da ke arewacin duniya ya taɓa kaiwa bakin ƙarewa. Mafarauta masu neman kitsenta don yin man fitila sun kusa shafe ta a ƙarni na 19, har sai da ragowar ta taƙaita a tsibirin Guadalupe. Gwamnatin Meziko ta haramta farautarta a 1922, Amurka kuma ta kafa dokar kare dabbobin teku masu shayarwa a 1972. Yau yawansu ya haura dubu ɗari.

Amma doka ba ta tsaron kanta. A Año Nuevo da ke jihar Kalifoniya, masana daga Jami'ar Kalifoniya reshen Santa Cruz na maƙala wa jarirai lamba a ƙafar iyo, suna kuma manna wa wasu mata na'urar da ke aika bayanai ta tauraron ɗan'adam. An kuma gano cewa a teku barcinsu bai wuce kimanin awa biyu a rana ba.

A Piedras Blancas kuwa, inda dabbobin ke kwanciya dab da babbar hanya, 'yan sa-kai na ƙungiyar Friends of the Elephant Seal ne ke tsayawa suna yi wa baƙi bayani. Gargaɗinsu na da dalili: uwa na shayar da jaririnta kusan wata guda ba tare da ta ci komai ba, kuma idan mai neman hoto ko karensa ya firgita ta, tana iya rabuwa da jaririn, yunwa ta kashe shi.